Inda Gora Ta Daina Taɓa Ƙasa

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah, muka tsaya a bakin madatsar ruwan da ke yamma da ƙauyenmu, ta wajen Gubuchi. Na san lokacin domin na duba agogona, kuma a wancan zamani ba na fara abu sai na duba shi. Mu bakwai ne. Akwai mahaifina, wanda yanar ido ta rufe masa gani har ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Akwai yayata, wadda ta zo Sallah daga Kudan inda take aure. Akwai mai ɗakina da 'ya'yanmu uku, babbarsu mace ce mai shekara tara. Sai ni. Mutum na takwas shi ne mai jirgin da na zaɓa da kaina.

Kafin in faɗi abin da ya faru a kan ruwa, sai na koma baya kaɗan, don kada in sa ƙeya a gaban goshi.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai aka zo da motocin tura ƙasa aka datse rafinmu. An ce shanu za su sha, mutane kuma za su yi lambu da rani. Haka ɗin aka yi, ban zo yin ƙorafi a kan wannan ba. Amma ruwan da ya taru ya haɗiye fadamar gaba ɗaya, har da gonar raken mahaifina. Shi ya share wannan gona da hannunsa tun kafin ya yi aure. Daga cikinta muka ci, daga cikinta aka saya mini wandon makarantar elemantare. A can nake tuna shi, tsaye bayan dokin da ke juya injin matse rake, hayaƙin mazarƙwaila yana sa shi tari. A kusurwar gonar akwai giginya ɗaya doguwa. Da ruwa ya zo bai iya rufe ta ba. Ta mutu dai, ganyenta ya zube, amma kututturen ya tsaya a tsakiyar ruwa, duk wanda ke bakin gaɓa yana hango shi.

Ana saura kwana goma Sallah na je gaishe shi daga Makarfi, inda nake aikin duba-gari. Bayan mun gama gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Ina so a kai ni gonata."

Na ce, "Baba, ai gonar tana ƙarƙashin ruwa."

Ya ce, "Ido na rasa, ba hankali ba. A kai ni bisa kanta. In dafa giginyar nan, in yi addu'a a wurin, a dawo da ni. Shi ke nan."

Tun da na fara ɗaukar albashi wannan mutum bai taɓa ce mini ba ni ba. Ko goro ni ke kai masa don kaina. Wannan ne roƙonsa na farko. Na ce masa in Allah ya so za a yi, kuma za mu tafi da yara su ma su sha iska, tunda Sallah ce.

Jirage biyu ne a madatsar. Da masu aiki suka tashi sun bar gangunan mai babu komai a ciki, sai mutum biyu suka tsince su, kowa ya haɗa abin da jama'a ke kira jirgin ganga. Ganga takwas, huɗu ta dama huɗu ta hagu, an ɗaure su da waya da igiya, an shimfiɗa katako a sama, faɗinsa kamar gado biyu a haɗe. Wanda ya hango su daga nesa ba zai ce ga na wane ba. Ɗaya na wani tsohon lebura ne da ya yi aikin madatsar, da aka gama ya zauna a ƙauyenmu. Ɗayan na wani masunci ne, baƙo, wanda ya biyo kifi ya zo. Ranar kasuwa suna fito da mutane, da Sallah kuma suna zagayawa da yara.

Ni mutum ne da aka koya wa duba abu bi da bi. In na shiga gida, randa nake fara leƙawa, sannan makwarara, sannan bayan gida, ba na tsallake ɗaya. Haka na yi wa jiragen nan. Sau biyu na hau kekena na je, da ɗan littafina a aljihu.

Na fara da ganguna. Na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa kowace ɗaya, ina saurare. Na leburan duka takwas sun amsa da ƙara mai kyau. Na masuncin, ta bakwai ta yi wata murya kamar mai mura, da na duba sai na ga an liƙe ta da kwalta. Na koma kan ɗauri. Duka biyun ba laifi. Na koma kan katako. Leburan ya jera nasa daidai, ya buga ƙusa a layi, har ya kafa ɗan abin dafawa a gefe ɗaya, na ce wannan zai yi wa tsoho amfani. Katakon masuncin kuwa duk ɓawon kifi ne da ƙuda, ga tarkace a gefe: komar kamun kifi, da gwangwanaye, da wasu faffaɗan itace biyu da na ture da ƙafa don in ga ƙusa. A littafina na rubuta, babu tsabta.

Leburan mutum ne mai ladabi. Yana biye da ni hannu a baya, duk abin da na ce sai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya nuna mini gorarsa, doguwar sandar da yake dungurin ƙasa da ita jirgi ya tafi. Miƙaƙƙiya ce, babu tsaga, na yaba. Na ce masa ranar kaza zan zo da iyalina da tsoho za mu yi yawo a ruwa. Ya ce an gama.

Masuncin kuwa da ma mun taɓa haɗuwa, na hana shi shanya kifi kusa da rijiya, bai manta ba. Yana zaune yana ɗinkin koma ko tashi bai yi ba.

Ya ce, "Malam duba-gari, yau kuma tsutsa ake nema a gangata?"

Na ci gaba da rubutu a littafina.

Ya ce, "Na ji an ce da tsoho za ku shiga. Ina kuka nufa a cikin ruwan?"

Na ce, "Ni na zo tambaya, ba kai ba."

Ya yi dariya ya ce, "To ranka ya daɗe, tambayi ganga, ita za ta kai ka."

Na rufe littafina na hau keke. A hanya ina jin daɗin kaina, domin na auna abu biyu masu kama da juna na gano wanda ya fi. Da na ba yayata labari ranar Sallah sai ta ce, "Kai dai ƙanena ka cika bincike. Jirgi ai jirgi ne." Na ce mata ba haka ba ne, na lissafa mata bambancin da yatsu.

To, ranar ta zo. Baba ya sa farar rigarsa ta Sallah, wadda ba ya sakawa sai sau biyu a shekara. Mai ɗakina ta yi dambu, ta dama fura. Ni na tsara zama: Baba a tsakiya kusa da abin dafawa, mata a baya, ƙananan yara biyu a tsakaninsu, ni a gaba. Baba ya lalubo da hannu ya ce wa babbar 'yata, wadda yake kira amarya saboda wasan kaka da jika, "Amarya, matso kusa da mijinki. In jirgi ya kife ke za ki goye ni."

Ta ce, "Ni ba na son miji marar haƙori."

Ya ce, "Ai haƙoran za mu ɗauko. A gonar na bar su, rake ya cire mini su ɗaya ɗaya."

Har leburan sai da ya yi dariya. Na daɗe ban ga fuskar Baba haka ba.

Leburan ya tura jirgi. Yara suka yi ihu, suka riƙe zanen uwarsu, can kuma suka saki suna tsoma yatsu a ruwa. Na nuna wa leburan giginya da hannu, ya karkata ta wajen. Baba yana zaune a miƙe, ya juya fuskarsa inda rana ke bugunsa, yana faɗin inda muke kamar yana gani. "Yanzu muna kan masussuka. Nan aka yi rumbun liman na dā. Bi a hankali, za mu gangara burtali." Yayata ta ce, "Baba, ta yaya ka sani?" Ya ce, "Shekara hamsin ina bin hanyar nan da asuba, ke kina barci."

Ni kuwa gorar nake kallo. Da farko leburan a tsakiyarta yake riƙe. Can sai na ga hannunsa ya koma sama. Can ya kai ƙarshenta. Can sai ya durƙusa a bakin katako, hannunsa ya nutse har gwiwar hannu kafin ya sami ƙasa. Ya ƙara turawa sau ɗaya, jirgi ya ɗan matsa, sai ya kafa gorar ya riƙe. Muka tsaya.

Na matsa kusa da shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ne iyakata."

Na ce, "Giginyar can za mu."

Ya ce, "Ai ba ka faɗa ba. Yawo ka ce. Na zaci hango ta za ku yi daga kusa. Can fadama ce, rami ne, ko gora biyu aka haɗa ba ta taɓa ƙasa. Ni gefe-gefe nake bi. Can sai mai filafilin tuƙi."

Sai a lokacin na tuna faffaɗan itacen nan biyu da na ture da ƙafa. Ni ɗan mai fadama ne. Tun ina rarrafe na san fadama ita ce inda ƙasa ta fi gangarawa, inda ruwa ke kwana. Na ƙwanƙwasa ganga goma sha shida, ban tambayi kaina abin da ke tura jirgi ba, kuma mutum ɗaya da ya yi mini tambayar da ta dace na rufe masa baki.

Giginyar tana nan gabanmu, ba ta fi jifan dutse biyu ba. Wani farin tsuntsu yana zaune a kanta. Ban san ko Baba ya ji maganarmu da leburan ba, domin yara suna surutu. Har yau ban sani ba.

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. Mu koma gaɓa, in je wurin masuncin, ga shi can ina hango shi a gindin itace, in ce masa na yi kuskure, ka kai mu. Sa'a ɗaya za ta ishe mu. Na ce wa kaina rana ta fara zafi, tsoho ba zai jure ba. Wannan ba gaskiya ba ce. Gaskiyar ita ce na ji muryarsa a kunnena yana cewa tambayi ganga, na ga kaina tsaye a gabansa, yayata tana kallo, mai ɗakina tana kallo.

Na juya na ce, "Baba, mun iso."

Ya miƙa hannu a iska, dama, sannan hagu. Ya ce, "Ina giginyar?"

Na ce, "Ruwa ya ci gindinta. Bara ta faɗi."

Surutun yara ya ɗauke. Yayata ta zuba mini ido, baki a buɗe. Na yi mata irin kallon da nake wa matan gida in na sami tsutsa a randa, ta sunkuyar da kai. Baba ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Amarya, me kike gani?"

Yarinyar ta dubi giginyar. Ta dube ni. Ta ce, "Ruwa, Kaka."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Mai jirgi, danna gorar nan ƙasa sosai, ka zaro, ka miƙo mini bakinta."

Leburan ya dube ni. Ban ce masa kada ya yi ba, domin ban gane abin da tsohon yake nufi ba sai da ya riga ya kama. Ya shafo abin da ya manne a bakin gorar, ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya kai hanci. Ya ɗan taɓa a harshe.

Ya ce, "Jar ƙasa ce da tsakuwa. Gangaren burtali." Ba da kowa yake magana ba. Ƙasar gonarsa baƙar laka ce mai santsi, in ta kama ƙafa sai an kankare.

Ya sunkuya ya wanke yatsunsa a ruwa, ya goge a gefen rigar Sallah. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. A koma."

Yayata ta ce, "Baba, addu'ar fa?"

Ya ce, "Na yi a gida."

Muka juyo. Ba a buɗe kwanon dambu ba. Baba bai sake faɗin sunan ko gona ɗaya ba a hanyar dawowa.

Da muka kai gaɓa masuncin ya taso ya zo gaida tsoho. Ya durƙusa, suka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi jiki, ya tambayi Sallah. Sannan ya ce, "Baba, har kun dawo? Ban ga kun kai giginya ba."

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Ya ce, "Ta faɗi, ɗana. Bara ta faɗi."

Masuncin ya waiwaya ya dubi ruwa. Ya dube ni. Na jira ba'a, ba ta zo ba. Ya ce, "Allah sarki. Haka ne, Baba." Ya kama hannun tsohon ya hau da shi tudu.

Bayan mako guda na je wurin masuncin ni kaɗai. Bai ja magana ba, ya ce duk ranar da muka shirya. Na wuce ƙauye, na sami Baba a zaure. Na tsara abin da zan faɗa tun a kan keke, farko da tsakiya da ƙarshe. Amma da na zauna sai na ce, "Baba, akwai wani jirgin da ya fi wancan daɗin zama. Ko za mu sake fita?"

Ya ce, "Ai mun je." Sannan ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Ko ba mu je ba?"

Na ce, "Mun je, Baba."

Ya ce, "To me za a koma yi?"

Sau uku na yi masa wannan tayi: a lokacin, da farkon damina, da kuma bayan an yanke gero. Sau uku ya yi mini tambayar nan da kalmomi iri ɗaya, kuma kowane karo yana jira, ba ya gaggawa. Ni na san abin da yake jira. Ba faɗa zai yi mini ba. So yake in ce ba mu je ba, ya ce to mu je. Mutumin da ya rufa mini asiri a gaban baƙo ba zai tona ni a zaurensa ba, sai in ni na buɗe da kaina. Kalma huɗu ce. Na iya tsayawa a gaban mai unguwa in ce gidanka ƙazanta ne, amma waɗannan huɗun sun gagare ni. Kullum sai in ce wa kaina wani zuwan.

'Yata kuma ta daina wasa da shi. In ya kira amarya, sai ta gaishe shi kamar baƙo ta fita. Ya kira sau da yawa, daga baya ya bari. Yanzu ita ma tana da jikoki a Ikara. Ba mu taɓa yin maganar ranar nan da ita ba.

Ya rasu kafin azumi ya zagayo, bayan jinyar kwana shida. Ina wurin. Ya yafe wa kowa a dunƙule, kamar yadda tsofaffi ke yi, ni ma na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe. Ban ce masa a kan me ba. Ɗakin cike yake da mutane.

Bayan sadakar arba'in na je masuncin ya kai ni. Daga gaɓa zuwa giginya bai kai rubu'in sa'a ba. Gangar da aka liƙe da kwalta ko ɗigo ba ta sha ba. Na dafa kututturen. Masuncin ya ɗaura dutse a gwangwani ya zura da igiya, ya jawo, ya miƙo mini. Baƙar laka ce. Na riƙe ta a hannu, na rasa wanda zan miƙa wa. Na tambayi liman ko in kai kan kabari, ya ce laka ba ta amfanin mamaci, addu'a ce ke yi. Na san gaskiya ya faɗa.

Na ba mutane kaɗan wannan labari, kuma kowa da abin da yake ce mini. Wani ya ce niyyata mai kyau ce. Wani ya ce tausayin tsoho ne ya sa. Wani ya ce ai ya yafe. Na saurare su duka, na auna kowace magana, babu wadda ta tsaya, domin ni na san abin da ke raina a kan katakon nan, kuma na san sau nawa aka ba ni dama.

Saboda haka, mai karatu, abu biyu nake roƙonka. Kada ka nema mini uzuri, ko a zuciyarka. Sannan in ka idar da sallarka ta gaba, kafin ka tashi daga kan buzu, ka roƙa wa wani tsoho mai noman rake na wajen Gubuchi gafara da rahama. Ban rubuta sunansa ba, amma Wanda za ka roƙa ya san shi.